Tambaya da Amsa: Ina son koyon Jamusanci amma kan ya ƙulle

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano, burina in samu aiki a Jamus. Na daɗe ina fama da Duolingo a waya amma wallahi ko gaisuwar kirki ban iya ba, der die das ɗin nan kuma ya hana ni sakat. Dan Allah ta ina zan kama?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya cika buri. Kinga farko ki san inda kika dosa, matakan yaren guda 6 ne, wato A1, A2, B1, B2, C1 da C2, kuma aikin jinya galibi B2 ake nema kafin a amince da takardunki. Wadda za ta bi miji A1 ake tambayarta, amma ke tafiyarki da nisa, Duolingo shi kaɗai ba zai kai ki ba gaskiya, taimako ne kawai.

Ki shiga shafin koyon Jamusanci na DW, su ɗin dai da muke jin sashensu na Hausa, akwai darasi mai suna Nicos Weg, kyauta ne, daga A1 har B1, gajerun bidiyo ne na wani saurayi da ya sauka Jamus bai iya yaren ba, bayan kowanne akwai atisaye. Darasi ɗaya kullum ko bayan asuba ne kafin ki fita aiki, kuma ki riƙa maimaita maganar da ƙarfi da bakinki ba a zuci ba, ko da yara za su yi miki dariya. Nan ne mutanenmu suke faɗuwa, mutum ya cika littafi da rubutu amma bai taɓa buɗe baki ba, ita kuwa jarabawar Goethe, wato ta cibiyar koyar da Jamusanci da ke ba da satifiket ɗin yaren, kashi 4 ce, karatu, sauraro, rubutu da magana, a ta maganar ke da wani ɗalibi za a zaunar a gaban masu jarabawa ku tattauna.

Maganar der die das kuwa, wato ƙananan kalmomin da suke sa wa kafin suna don nuna jinsinsa, ai mu Hausawa muna da sa'a don mun saba da namiji da mace a kalma, rana ta fito wata ya fito, su ma haka ne, die Sonne mace, der Mond namiji. Ba kullum yake dacewa da namu ba fa, kuma sun ƙara na uku wato das, har yarinya ma das Mädchen ce. Maganinsa kada ki taɓa haddace suna shi kaɗai, ki haɗa da der, die ko das ɗinsa da jam'insa, ki ce das Bett, die Betten, gado kenan. Ki fara da kayan da kike taɓawa a asibiti, ki rubuta a ɗan kati ki sa a aljihun yunifom, in kin samu sarari ki duba.

In kin yi Islamiyya ma kin samu tsani, ƙirgarsu irin ta Larabci ce, 21 sai su ce einundzwanzig, ɗaya da ashirin, sautin ch na Buch kuma kusan kha ɗin Larabci ne. W ɗinsu ana furta shi kamar v, shi kuma v yawanci f ne.

In kin kai A2 ki nemi malami ko abokiyar hira ko ta WhatsApp ce, wanda zai gyara miki jimla, don aikatau ɗinsu yana tsallakewa ƙarshe bayan kalma irin weil, wato saboda, wannan sai da mai gyara. Cibiyar Goethe a Legas take, su ke shirya jarabawa, ki riƙa leƙa shafinsu da wuri saboda gurbi yana saurin cika, kuma akwai samfurin tambayoyin kyauta a can, ki sauke ki gwada kanki da agogo a gaba. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki satifiket ba tare da kin zauna jarabawa ba ki guje shi, ofishin jakadanci yana tantancewa, kuma ranar da mara lafiya ya ce miki ƙirjinsa na ciwo takarda ba za ta amsa masa ba.