Tambaya da Amsa: Ina son zama lauya, waɗanne darussa zan ɗauka a SS1?

Tambaya: Salam Malam, daga Kaura Namoda nike. Na gama JSS3, burina in zama lauya amma Baba ya ce ajin sayans ya fi daraja, kuma makarantarmu babu malamin Litireca. Mi zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi cika miki burinki. Ajin ats (Arts) za ki shiga, wannan babu ja. Ki samu Baba cikin ladabi ki nuna mai cewa fiziks da kemistiri hanyar likita da injiniya ce, lauya tashi hanyar daban take.

Zancen Litireca, wato darasin adabin Turanci, shi ya fi tsaya min a rai wallahi, don na sha ganin yara sun fito da kiredit bakwai har takwas, ga makin JAMB mai kyau, amma anka mayar da su wani kwas saboda wannan darasi guda babu shi cikin takardarsu, yaro na riƙe da sakamako yana hawaye. A WAEC ko NECO ana son kiredit 5, cikinsu da Turanci da Litireca, kuma kar ki yi wasa da Lissafi don jami'o'i da yawa suna nemansa. A JAMB Turanci dole ne, sai ki haɗa da Litireca, da Gwamnati ko Tarihi, na huɗu IRS (darasin addinin Musulunci) ko Larabci.

Rashin malami ba zai tsayar da ke ba. Ki nemi jerin littattafan da WAEC ta ware na shekararku, akwai labari, akwai wasan kwaikwayo, akwai waƙoƙi, ki samu wani da ya yi NCE a Turanci ku riƙa bi shafi-shafi ko da ranar Asabar ce kaɗai. Aikin lauya ai karatu ne da warware magana, nan ake fara koyonsa.

In Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato kike hari, can ana haɗa dokar boko da shari'ar Musulunci, to ki riƙe Larabcinki na islamiyya da kyau, zai yi miki rana wurin rabon gado da fiƙihun Malikiyya. Shekara 5 ce a jami'a, sannan shekara 1 a makarantar horon lauyoyi, akwai reshenta a Bagauda ta Kano. Gurbin karatun lauya a jami'a kaɗan ne masu nema da yawa, sai da maki mai tsoka.

Tun satin farko ki je ofis ki tambaya ko suna yi wa ɗalibai rajistar Litireca a SS3. In sunka ce a'a, ku fara shawarar canjin makaranta ke da Baba tun yanzu.