Lissafin kwana na 14 ya ci mini shekara biyu

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta tambayarki tun bayan isha'i, na kasa kwanciya sai na amsa miki. Kin ce shekararki uku da aure babu ko ɓatan wata, al'adarki tana zuwa bayan kwana 33 zuwa 36, likita ya ɗora ki kan Clomid, maganin da ke taimaka wa ƙwai ya fita, wata na biyu ke nan, manhajar wayarki tana nuna miki kwana na 14 a matsayin ranar fitar ƙwai, tsinken gwajin fitar ƙwai kuma layi dishi-dishi yake ba ki. Ni ma nan Sakkwato nake, Mabera, kuma sai da na yi shekara huɗu da 'yan watanni a wannan hanya kafin Allah Shi ba ni ɗiyata.

Ki fara ajiye kwana na 14 a gefe. Wannan lissafin mai al'adar kwana 28 ne. Ƙwai yana fita ne kimanin kwana 14 kafin jini na gaba, don haka daga baya ake ƙirgowa. Mai kwana 35 irina da irinki, nata yana faɗawa wajen kwana na 21, idan an ɗauki ranar da jini ya zubo sosai a matsayin kwana na ɗaya. Maigidana fataucin albasa yake yi zuwa Kudu, tafiya ɗaya tana cin masa kwana goma. Shekara biyu cur ina riƙe shi a gida daga kwana na 12 zuwa na 15, ya ɗage lodi saboda ni, ya kama hanya ranar 16 ko 17. Ashe lokacin da ƙwan ke fita yana can Ibadan. Ranar da likita ta zana mini wannan a bayan kati, sai da na nemi benci na zauna kafin na iya tare Keke Napep.

Ƙwai idan ya fita bai wuce kwana ɗaya da rai, maniyyi kuwa yana iya kaiwa kwana 5 a jikin mace. Ke nan gara ƙwan ya fito ya tarar ana jiransa. Abin da anka ce mu yi shi ne kusantar juna kowane kwana biyu, daga wajen kwana na 15 har na 23. Wannan ya fi mana sauƙi da in kira shi yana kasuwa in ce lallai yau ce, don namiji idan ya ga an mayar da abin aiki, jikinsa ma yakan ƙi.

Tsinken nan sinadarin LH yake aunawa a fitsari, wanda ke hauhawa awa 24 zuwa 36 kafin ƙwai ya fita. Ba a karanta shi kamar tsinken ciki. Layi dishi-dishi yana nufin da saura, sai layin gwajin ya kai ɗan'uwansa duhu ko ya fi shi. Idan a kwana na 12 zuwa 15 kike gwadawa ki daina, ba mamaki tun kafin lokacinki kike tsayawa. Ki fara wajen kwana na 14 ki ci gaba kullum, da rana ko da yamma, ki rage shan ruwa awa biyu kafin nan. Na san wannan da wuya a zafin Afrilu da Mayu, amma fitsarin da ya tsinke da ruwa ba ya nuna gaskiya. Kada kuma ki bar tsinkayen kan taga ko ɗakin da kwano ya gasa, zafi yana lalata su. Clomid kansa yana iya sa layin ya yi duhu idan kinka gwada dab da gama sha, ki bari kwana uku su wuce. Mai PCOS kuma, wato matsalar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan kari, tana iya ganin layi mai duhu sau da yawa ba tare da ƙwai ya fita ba.

Auna zafin jiki da asuba na gwada wata uku na bari. Daren da babu wuta, ko zazzaɓin sauro ya ɗan taɓa ki, lissafin ya watse, kuma sai bayan ƙwan ya fita yake nunawa. Farin ruwa mai yauƙi kamar ɗanyen farin ƙwai alama ce mai kyau, sai dai Clomid yana busar da shi ga wasu, ni ma ya busar mini.

Sikanin bibiyar ƙwai ne ya raba mini gardama. Ana dubawa sau biyu ko uku a wata ɗaya, a auna jakar ƙwan da kaurin shimfiɗar mahaifa, kuma jakar takan ƙosa idan ta kai milimita 18 ko fiye. Nan anka ga nawa yana girma amma shimfiɗar ta yi siriri, likita ta mayar da ni kan Letrozole, wani maganin fitar ƙwai, ta haɗa da allurar HCG, wadda ke sakin ƙwai bayan kimanin awa 36. Wani abu da na so a ce an gaya mini tun farko: allurar nan tana sa tsinken ciki ya nuna layi biyu har kwana goma ko fiye. Na gwada a kwana na shida bayan allurar, na ga layi biyu, na yi sujada, na kira Innata na gaya mata. Bayan mako jini ya zo. Ban taɓa kuka irin na ranar ba. Ki jira kwana 14 su cika bayan allurar. Haka gwajin jinin progesterone, mai nuna ko ƙwai ya fita, da ake cewa na kwana na 21, kwana bakwai kafin jini ya kamata a yi shi, naki ke nan wajen kwana na 28.

Amma 'yar'uwa, ba ki ambaci maigida ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya tsaya mini a rai. An auna shi? A garin nan mace ce ke shan magani, ita ke shan gori a gidan suna, ita ake yi wa zancen kishiya, alhali gwajin namiji ya fi kowane sauƙi da arha: ya ƙaurace kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da maniyyi, shi ke nan. Nawa ya yi wata takwas yana cewa gobe. Ban yi faɗa da shi ba, roƙonsa na yi ya raka ni, likita ta faɗa masa da bakinta cewa ba za ta ci gaba da ba ni magani a makance ba. Sakamakon farko ya zo ƙasa, ashe zazzaɓi mai zafi da ya yi kafin nan ne, don maniyyi yana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya haɗu. Da anka sake bayan wata uku, lafiya lau. Ke ma ki tambaya ko an duba bututun mahaifarki da hoton HSG, wanda ake yi bayan ɗaukewar jini. Yana da ciwo kamar murɗar mara, na minti kaɗan, amma idan hanya a toshe take, ko ƙwai nawa anka saki ba zai isa ba. Akwai sashen mata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ki nemi ganin ƙwararren likitan mata idan ba shi ke duba ki ba.

Clomid ba a saba wuce wata shida ana shan sa ba, kada wata ta ce ki ƙara daga kemis. Ki riƙa shan folic acid maikirogiram 400 kullum tun yanzu, kuma duk jiƙo ko garin da anka kawo miki daga gida ki gaya wa likita kafin ki haɗa. Ni a wata na huɗu kan Letrozole Allah Ya kawo rabo, Allah Shi kawo naki cikin sauƙi.

Ki samu ɗan littafi ki rubuta ranakun da jininki ya fara a watanni shida da sunka wuce, da ranar da kinka fara Clomid na wannan watan, ki tafi da shi ranar ganin likita. Idan kina so ki turo mini ranakun, mu ƙirga tare kafin maigida ya tsara tafiyarsa, in mai tafiya ne.