Hardis mai 4TB a tsohuwar kwamfuta: zai hau, ko sai an yi fomat?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ɗan bizines senta a Samaru. Kwamfutar da muke buga wa ɗalibai furojet da ita Dell OptiPlex 780 ce, tokumbo, Windows 7 ne a kanta. Hardis ɗinta mai 250GB ya cika maƙil, har ja yake nunawa. Na samu mai 4TB da araha a Sabon Gari. Mai gyaran da nake kai wa aiki ya ce kowane hardis zai hau, in ma ya ƙi nunawa fomat kawai za a yi. Ni kuwa aikin mutane ne a ciki, wasu ko difens ba su yi ba. Gabana faɗuwa yake yi. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka biya kuɗi tukuna, kuma kada ka bar kwamfutar nan ta kwana a shagon mutumin nan.

Mu fara da bod ɗinka, wato babban allon cikin kwamfuta da ake jona komai a kai. OptiPlex 780 ta 2009 ce, ramukanta na jona hardis SATA II ne. Hardis na yanzu SATA III ne, amma wannan ba matsala ba ce, bakin kebul ɗaya ne, sabon zai rage gudu ya bi tafiyar tsohon. Inda gizo ke saƙar shi ne girman. Bod ɗin nan tsohon tsarin tayar da kwamfuta gare shi, wato BIOS, ba sabon nan UEFI ba, don haka Windows ba za ta tashi ba sai daga faifan hardis da aka tsara da MBR, tsohon salon rabon faifai, shi kuwa MBR iyakar lissafinsa 2TB ne. Ka ɗora Windows a kan mai 4TB, rabi za ka gani, rabin ka yi sadaka da shi. In kana son cin moriyarsa duka, sai dai ya zama faifai na biyu, na ajiya zalla, a tsara shi da GPT, sabon salon rabon da ba shi da wannan iyakar. Windows 7 na karanta wannan lafiya lau, sai dai in direban Intel ɗin da ke kanta, wato manhajar da ke haɗa Windows da faifai, ya tsufa sosai. Irin wannan direban ne ke sa faifan 3TB ya nuna 746GB, mutum ya koma kasuwa yana rantsuwa an cuce shi. Sabunta direba ne maganinsa.

Arahar nan ma tana ba ni tsoro. Da yawa daga manyan faifan da ake zubarwa da arha daga sabar kamfanoni, wato manyan kwamfutocinsu, aka ciro su, kuma wasunsu SAS ne, wani nau'in bakin jonawa daban, ba SATA ba. Juya shi ka dubi bakinsa. Na SATA akwai 'yar tazara tsakanin wajen kebul ɗin bayanai mai haƙori 7 da na wuta mai 15. Na SAS roba ta haɗe su, babu tazarar. In ka ga haka, mayar masa da kayansa, bod ɗinka ba zai taɓa ganinsa ba ko an sa adafta. In SATA ne, a jona shi a gabanka a buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai. Ya nuna rawaya, ka bar shi. Sannan ka buɗe akwatin kwamfutarka ka leƙa: in siririyar nan ce da ake kwantarwa a kan tebur, wajen babban faifai ɗaya tal gare ta.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutun nan. Fomat.

Ban san wanda ya koya wa yaran nan cewa fomat maganin kowace cuta ce ba. Kwamfuta ta yi nauyi, fomat. Ba ta ga faifai ba, fomat. Ta nuna shuɗin allo, fomat. Sun zama kamar mai maganin tasha, kwalba ɗaya ta basir ce, ta shawara ce, ta ciwon baya ce. Fomat ba ta sa bod ya ga faifan da bai gani ba. In BIOS bai gan shi ba, Windows ma ba za ta gan shi ba, to me za a yi wa fomat ɗin? Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, yaro ya buɗe jerin faifai, sabon bai fito ba ko ya fito da rabin girmansa, sai ya danna wanda ya gani. Wanda ya gani kuwa naka ne, tsohon, mai ɗauke da aikin mutane.

Bara wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta shigo mini shago da yamma, ita da mai shagon da ke buga mata aiki, hardis naɗe a baƙar leda. Babi huɗu ta gama, da duk amsoshin takardun tambayoyin da ta yi watanni tana rabawa a ƙauyuka. Me ya faru? Batirin bod ne ya mutu, ɗan farin nan mai kamar kwabo, CR2032. Da ya mutu, saitin BIOS ya koma na asali, yanayin SATA ya sauya daga wanda aka ɗora Windows da shi, sai kwamfuta ta riƙa tsayawa da shuɗin allo mai lamba 0x0000007B. Gyaran minti biyu ne: a danna F2, a shiga "SATA Operation", a mayar da shi yadda yake, a sa sabon batiri. Shi kuwa gwanin da suka fara kai wa ya ce bairos ne, ya goge, ya ɗora sabuwar Windows, ya zuba mata manhajoji, har da kyautar finafinai. Na kwana biyu ina tono. Abin da na ciro mata babi na ɗaya ne da rabin na uku, shi ma haruffa a hargitse. Ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a kan benci tana murɗa bakin hijabinta har aka kira magariba.

Kuma ka daina yarda da masu cewa ai ana dawo da komai bayan fomat. In fomat ɗin gaggawa aka yi, aka kashe na'ura nan take, akwai fata. Amma cikakkiyar fomat, tun daga Windows Vista, sifili take rubutawa a kan faifan gaba ɗaya. Duk inda aka ɗora sabon abu a kan tsoho kuwa, tsohon ya tafi, ko Legas ka kai shi. Haka ma in Windows ta ce maka wani faifai na buƙatar fomat kafin a yi amfani da shi, alhali ka san da kaya a ciki, amsar ita ce a'a. Sau da yawa kebul ne ya saki, ko ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu ya ɓata teburin rabon faifan, kayan kuma suna nan daram.

Da ni ne kai, ga abin da zan yi da kuɗin. Yau ɗin nan, kafin a taɓa ko sukuru ɗaya, in kwafe fayilolin ɗalibai a wani hardis na waje, in buɗe guda goma a wata kwamfutar in tabbatar suna buɗewa. Sannan in sayi SSD, faifan nan na zamani mai sauri, na SATA mai inci 2.5, ko da 256GB ne, don Windows. Ba siririn nan M.2 ba, bod ɗinka ba shi da raminsa. Ko a SATA II za ka ji bambancin tun daga kunnawa. Na ajiya kuma 2TB ya ishi shagon da Word da PDF ne abincinsa, ba ruwanka da rigimar GPT. In wayar wuta ta gaza, guji adaftan nan mai arha da aka narka robarsa a kan wayoyi, na ga wanda ya ƙone har ya baƙanta bakin faifai.

Ranar ɗora Windows, zare kebul ɗin tsohon hardis da hannunka, ka sa shi a aljihu, ka tsaya a kan mai aikin har ya gama. Sai kwamfuta ta tashi daga sabon faifai sau biyu lafiya, sannan a mayar da tsohon, a danna F12 a tabbatar ba daga shi take tashi ba.