Me zan ce wa ɗan yayana da ke jiran babansa?

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Yayana soja ne, ya rasu a wani hari a arewacin Borno shekara huɗu da suka wuce, yana da shekara 26. A Maiduguri aka binne shi, mu dai waya aka yi mana, daga baya aka kawo jakarsa. Ya bar ɗa guda, yanzu shekararsa shida. Kullum ya tambaya, Inna sai ta ce masa "ya yi tafiya". Shekaranjiya motar sojoji ta wuce ta wajen barikin Shadawanka, yaron ya fizge hannuna ya bi ta da gudu yana kiran Baba. In gaya masa gaskiya, ko in bi Inna? Ita ko zancen ba ta so a yi.
Daga wata mai karatu, Bauchi

AMSA: Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ƙanwata, ki gaya masa. Yaron da aka ce wa "tafiya" dawowa yake jira, kin kuwa ga inda jiran ya kai shi, tsakiyar titi. Ki zaunar da shi, da mahaifiyarsa a kusa in da hali, ki ce Baba ya rasu a wajen aiki, ba zai dawo ba, addu'a muke yi masa. Kada ki shiga bayanin harin. Zai sake tambaya gobe da jibi, ki ba shi amsa iri ɗaya.

Inna kuma kada ki matsa mata. Tunda kin ce yaya, ina zaton ɗan farinta ne, wanda ko yana raye ba ta kama sunansa saboda kunya, balle yanzu. Ki nemi izininta cikin ladabi, ki ce ke za ki ɗauke mata wannan nauyin. Aikin gwaggo ne dama.

Abin da na fi so ki ji shi ne wannan. Kawuna ya mutu a yaƙin basasa, wanda aka gama ranar 15 ga Janairun 1970, ranar da har yau ake tunawa da 'yan mazan jiya. Hoto ɗaya ya bar mana, yana tsaye ƙiƙam cikin kaki, hula ta rufe masa rabin goshi. Na girma ina kallon hoton a ɗakin kakata, amma ban san muryarsa ba, ban san abin da ke ba shi dariya ba. Waɗanda suka sani duk sun bi shi kafin in yi wayon tambaya.

Saboda haka ki sayi littafi ki fara rubutawa tun da sauran zafi. Wace mai masa yake zuwa wajenta in ya zo hutu? Yana bin Wikki Tourists filin wasa? Yaya ya dawo daga horo a Zariya, a rame, kai a aske tal? Ki nemi abokan aikinsa su ba ki nasu labarin. Saƙonnin muryarsa da ke wayarki ki kwafe su wani wuri yau ɗin nan, waya ba ta da alƙawari. Lambarsa ta soja da takardun magaji ki haɗa su a jakar nan da aka kawo.

In yaron ya ƙara tasawa, hanya kuma ta yi kyau, ku bi ta Darazo da Potiskum da Damaturu ku je ya ga kabarin. Ki tambayi Inna ko za ta bi ku, sau ɗaya kawai.