Muryar WhatsApp: in majiyoyi biyu suka saɓa, wanne za mu ba kwamfuta?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Ƙanwata, na saurari saƙonki, na kuma ga amsoshin da aka ba ki. Ga waɗanda ba su ji ba, tana gyara bayanan Sarauniya Amina ta Zazzau ne a Wikidata, wato rumbun bayanai na intanet da kowa zai iya gyarawa, sai ta tarar majiyoyi sun saɓa a kan zamanin da ta rayu, shi ne take tambaya wanne za ta saka, wanne za ta goge. Wani ɗan'uwa ya ce ta ɗauki wanda ya fi shahara kawai ta wuce wurin. To ni gaskiya ban goyi bayan haka ba, ku ɗan ba ni aron kunnuwanku in faɗi dalilina.

Kin ga wannan tsari da muke aiki a kansa, na haɗa bayanai da juna ta yadda kwamfuta za ta iya bin su, Tim Berners-Lee ne da abokan aikinsa suka tallata shi sosai tun 2001, a 2006 kuma ya fitar da ƙa'idojin haɗa bayanan. Tushensa shi ne RDF, wato kowace magana a gutsura ta gaɓa uku: abu, alaƙa, da abin da aka alaƙanta shi da shi. Amina, ta mulki, Zazzau. Shi ke nan. To ki duba da kyau, a cikin gaɓoɓin nan uku ina wurin "an ce"? Ina wurin "wataƙila"? Babu. Da zarar kin rubuta, kwamfuta ta ɗauka magana ta zauna daram. Daga nan matsalar ta faro.

Batun Amina kuwa, saɓanin ba ƙarami ba ne. Tarihin sarakunan Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda lissafin Palmer ya sa mulkinsa daga 1421 zuwa 1438. Littattafai da dama kuma suna kai ta ƙarni na 16, a matsayin 'yar Bakwa Turunku, wasu har su rubuta 1533 a matsayin shekarar haihuwarta. Tsakanin maganganun nan biyu akwai sama da shekara ɗari. Masana tarihi sun daɗe suna kai-komo a kai. To don Allah, mu su wa da za mu yanke hukunci da danna maɓalli ɗaya?

Abin da ya fi damuna shi ne inda bayanin yake zuwa bayan ya bar hannunki. Wikidata tun da aka buɗe ta a 2012 ba don idon mutum kaɗai aka yi ta ba. Shafukan Wikipedia na harsuna daban-daban suna jan bayani daga can, manhajoji suna ja, masu bincike suna ja. In kika saka shekara ɗaya tilo kika goge ɗayar, shakkun da malaman tarihi suke da shi ya ɓace a hanya, wanda ya karɓa a ƙarshe zai ga lamba ce tsaf, ba zai taɓa sanin an yi jayayya a kanta ba.

Alhamdu lillahi, Wikidata ta tanadi hanya. Za ki iya saka duka biyun a ƙarƙashin bayani ɗaya, kowanne da majiyarsa a gindinsa. Kwanan wata ma ba dole sai da rana da wata ba, akwai zaɓin ki tsaya a kan ƙarni kawai, ko ki ƙara alamar cewa ƙiyasi ne. Sai dai ki kula da wurin nan na matsayi, waɗannan 'yan kibiyoyin da ke gefen hagu na kowane bayani. Matsayi uku ne: wanda aka fifita, na gama-gari, da wanda aka yi watsi da shi. Mutane da yawa ba su san cewa idan aka fifita ɗaya, tambayar yau da kullum da ake yi wa Wikidata da SPARQL, wato harshen neman bayani a cikinta, shi kaɗai za ta dawo da shi, ɗayan yana nan amma ba zai fito ba. Ashe fifitawar ma yanke hukunci ne. Shi kuma matsayin watsi, an yi shi ne don abin da aka tabbatar kuskure ne, ba don ra'ayin da bai kwanta miki ba.

Yauwa, akwai wani abu kuma da nake so ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta da ke cikin wannan zaure su riƙe. A rumbun bayanai irin na banki ko na makaranta, in sunanka ba ya cikin jeri, to ba ka ciki, magana ta ƙare. Amma a RDF da OWL, wato harshen da ake rubuta wa kwamfuta dokokin alaƙar bayanai da shi, ba haka ba ne. Abin da ba a rubuta ba, ba a ce ƙarya ne ba, an ce dai ba a faɗa ba tukuna. In ba a rubuta 'ya'yan wani sarki ba, kwamfuta ba ta da ikon cewa bai haihu ba. Shi ya sa Wikidata ta raba abu biyu: "akwai amsa amma ba a san ta ba", da "babu amsar sam". Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta Ingila ba ta haihu ba, wannan tabbas ne, sai a saka mata na biyun. Mutumin da ba a san sunan mahaifinsa ba kuwa, ai yana da uba, sai a saka na farkon. Na sha ganin ana cakuɗa su, kuma ɓarnar da hakan ke yi ba ƙarama ba ce.

Shi OWL, wanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da shi a 2004 aka sabunta a 2009, mantiƙi ne tsantsa, ko fari ko baƙi. In kika gaya masa mutum ranar haihuwa ɗaya yake da ita, sannan kika ba shi biyu mabambanta, zai ce bayananki sun ci karo da juna, kuma a irin wannan mantiƙi, da zarar an sami karo, duk hukuncin da aka ciro daga baya ba abin dogaro ba ne. Ga kuma wata alaƙa da ake kira sameAs, mai nufin wannan da wancan abu ɗaya ne. Ki ɗauka wani ya haɗa birnin Kano da jihar Kano da ita, don ya ga suna ɗaya ne. Nan take duk abin da aka faɗa a kan jihar ya hau kan birnin. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, sai kwamfuta ta ce ai mutanen birnin ke nan. Kuma jihar kanta, ta kafin 1991 da aka cire Jigawa ba ita ce ta yau ba. Kuskuren mutum ɗaya, amma duk wanda ya jingina da bayaninsa ya kwasa.

Tunda na taɓo ƙidaya, ita ma misali ce mai kyau. A waccan ƙidayar an ba Legas miliyan 9.1, gwamnatin jihar ta ƙi amincewa, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Mai gyara na kirki ba zai tsaya yana alƙalanci ba, zai rubuta adadin, da shekarar, da wanda ya faɗa, da hanyar da aka bi aka samo shi.

Masana sun daɗe da ganin wannan giɓi. W3C ta kafa kwamiti a kan tunani cikin rashin tabbas a intanet, ya ba da rahoto a 2008. A jami'ar George Mason da ke Amurka, Paulo Costa da Kathryn Laskey suka gina PR-OWL, wani ƙari a kan OWL mai auna zato, a kan lissafin Bayes, wato ki fara da zato, duk hujjar da ta zo ki ƙara ko ki rage ƙarfinsa. Google ma a 2014 sun bayyana wani aiki mai suna Knowledge Vault, inda kwamfuta ta tsinto maganganu wajen biliyan 1.6 daga intanet ta ba kowacce maki, amma waɗanda makinsu ya kai kashi 90 cikin ɗari miliyan 271 ne kacal. Akwai kuma hanyar Lotfi Zadeh ta 1965, ita ba zato take aunawa ba, tana auna maganar da ba ta da iyaka takamaimai ce, kamar a ce gari babba ne. Zariya babba ce? In an gwada ta da Kano fa? A nan ba bayani muka rasa ba, ita maganar ce ba ta da kan iyaka.

To amma ni ina taka-tsantsan da makin nan. In aka ce miki magana tana da kashi 80 cikin ɗari, tambayi daga ina 80 ɗin ta fito. Sau da yawa ƙirga shafukan da suka faɗi abu ake yi. To in shafi ɗari duk sun kwafo daga wuri ɗaya fa? Shaida ɗaya ce aka maimaita sau ɗari. Malaman hadisi sun riga mu sanin wannan, shi ya sa ba su tsaya a kan yawan masu faɗa ba, sai sun bi isnadi sun ga wa ya ji daga wa, ko hanyoyin sun rabu da gaske ko duk a kan mutum ɗaya suke komawa. Shi ya sa a wurina rubuta majiya ya fi saka maki muhimmanci. W3C ma ta fitar da tsarin PROV a 2013 don rubuta asalin bayani. Tarihinmu kuwa, da yawansa ta baki ya zo, kuma kaɗan ne aka ɗora a intanet, don haka in aka bar wa ƙirgen shafuka hukunci, abin da aka fi kwafa ne zai rinjayi abin da ya fi inganci.

Saboda haka ƙanwata, ki saka duka biyun. Na farko ki tsayar da shi a ƙarni na 15, ki jingina shi da tarihin sarakunan Kano. Na biyu ƙarni na 16, ki nemo littafin tarihi na gaske wanda ya faɗa, da sunan marubuci da lambar shafi, kada ki dogara da shafin intanet da ba a san mai shi ba. Ki bar su duka a matsayin gama-gari, kada ki fifita ko ɗaya. In wani ya zo ya goge, kada ki mayar da fushi, ki je shafin tattaunawa ki ajiye majiyoyinki a can. In kin gama ki turo mana hoton allon a nan mu duba tare. Allah ya taimaka, sai na ji daga gare ki.