Filin Tambaya da Amsa: Da gaske motar lantarki ta fi ta fetur tsafta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban haya ne a Kano, tun da aka cire tallafin mai a 2023 muke shan wuya, yanzu kuma ko'ina zancen motar lantarki ake wai ba ta gurɓata iska. To wani abokina ya ce duk yaudara ce, wai haɗa batirinta kaɗai ya fi hayaƙin motata illa, kuma wutar da ake cajin nata ma ai da gas ko kwal ake samo ta. Don Allah wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi gaskiya amma rabi ya faɗa. Ranar da aka fito da motar lantarki daga masana'anta ta riga ta ɗauko bashin hayaƙi fiye da motar fetur, saboda batirin. Sai an haƙo ma'adinan da ake yin batirin da su, irin su litiyam a Ostareliya ko Chile, kobalt kuma kusan kashi 70 cikin ɗari daga Kwango yake fitowa inda har yara ƙanana ake samu a wasu ramukan, wannan abu wallahi yana ci min rai kuma ban yarda a rufe shi ba don kawai motar tana da farin jini. Sannan yawancin batiran a China ake haɗa su, ƙasar da fiye da rabin wutarta daga kwal take.

To amma bashin nan biyan sa ake yi a kan titi. Kai da kake zuba mai kullum, duk lita ɗaya ta fetur da ka ƙona tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal ta ma fi haka, kuma ƙarfin man da ke tura tayoyin bai wuce kashi 20 zuwa 30 ba, sauran zafi ne kawai, shi ne idan ka ɗora hannu a bonet bayan ka dawo daga Wudil za ka ji inda kuɗinka ya tafi. Injin lantarki kuwa fiye da kashi 80 na wutar da ya sha aiki yake yi da ita. Cibiyar ICCT mai bincike kan tsaftar sufuri ta yi lissafin gaba ɗaya a 2021, tun daga haƙo ma'adinai har tsufan mota, ta samu a Turai, idan aka kwatanta da ta fetur, motar lantarki ta rage hayaƙi da kashi 66 zuwa 69, a Indiya kuma da suka dogara da kwal kashi 19 zuwa 34 ne kawai. Ka ga ko a can ɗin ma ita ce a gaba, tazarar ce ta ragu. A Norway da wutarsu kusan duk ta ruwa ce ai babu ma musu.

Mu a nan wutar NEPA yawanci daga gas take, sai madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, wanda ya fi kwal ƙarancin hayaƙi sosai. Inda gizo ke saƙar shi ne wutar ba ta zama. In an ɗauke ka tayar da janareto ka jona mota, to fetur ɗin dai ka ƙona, sai dai maimakon hayaƙin ya fito ta salansar mota, ta bayan gidanka zai fito inda iyali ke shaƙa, kuma ƙaramin janareto ya ma fi injin mota ɓarnar mai. Wannan gaskiya ba zan kira shi tsafta ba.

Abin da ni ya fi damuna ma shi ne ƙirjin mutane. Ka tsaya a Kofar Wambai da yamma cikin cunkoson a-daidaita-sahu, ido na yaji, mai tallan ruwa da ɗan karota suna wuni a ciki. Motar lantarki ba ta da salansa sam, ƙurar taya dai tana nan tunda batirin ya ƙara mata nauyi. Don haka in za ka saya, kafin ka tambayi farashi fara tambayar inda za ka riƙa caji, in akwai tashar sola kusa da kai ko za ku iya haɗa kuɗi da 'yan ƙungiyarku ku kafa, to ka shiga da ƙarfinka.