Chapman ɗin gida da maganar bitters

Yar'uwa kin ce naki Chapman ɗin yana fitowa kamar Fanta mai kala kawai ba irin na otal ba, kuma kina tambaya ko akwai giya a ciki. To sirrin yana wajen Angostura bitters, wani ruwa mai ɗaci da ke zuwa a ƴar kwalbar nan da takardar jikinta ta fi ta girma. A Trinidad ake yinsa, tun 1824 aka fara haɗa shi. Amma fa giyar ciki ta kai kashi 44.7, ɗigo uku ko huɗu ake sawa amma ni dai hankalina bai kwanta ba na daina.

Yanzu ɓawon lemo nake tafasawa da kanumfari da ƴar citta in tace in bari ya huce, shi ke kawo ɗan ɗacin nan. Sai Fanta da Sprite rabi da rabi, grenadine (jan ruwan nan mai kauri da zaƙi) cokali biyu, in babu zoɓo mai kauri ma ya yi wallahi, ki matse rabin lemon tsami ki yanka kokwamba siriri ki cika ƙanƙara.

Kar ki zuba lemon kwalba sai daf da sha. Ranar sunan ƙanwata tun safe na haɗa, kafin la'asar gas ɗin duk ya fice, kowa kurɓa ɗaya ya aje kofi.